Sabon Malami Da Ajinsa A Lafiya

Ya kai sabon malami, ka sani cewa a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa tun 1996, aji guda yakan haɗa 'ya'yan Alago, Eggon, Gwandara, Tibi, Fulani da Hausawa. Yaron da ya yi shiru ba lalle ne daƙiƙi ba. Watakila harshen koyarwa ne bai kama ba tukuna. In ka bari aka yi masa dariya, gobe gona zai nufa, ba makaranta ba.

Saboda haka kada ka ɗora wa kowa aiki iri ɗaya. Wanda ya iya karatu, miƙa masa littafi. Wanda bai san baƙaƙe ba, zaunar da shi kusa da allo, tare da abokin da yake jin harshensu. Lissafi kuwa, a fara masa da tsakuwa ko ƙwayar gyaɗa.