Darasi: Abin Da Zafi Ke Yi Wa Shokabzoba Mai Aiki Da Maganaɗisu

Yau za mu ɗan ajiye waya mu leƙa ƙarƙashin mota, amma darasin na masu rubuta manhaja ne.

Akwai wani nau'in shokabzoba da ake kira MR. Man da ke cikinsa gauraye yake da garin ƙarfe mai laushi ƙwarai, a jikin fistin kuma akwai naɗin wayar tagulla. Da zarar lantarki ya bi ta wayar, sai maganaɗisu ya jera garin kamar sarƙa, man ya yi tauri kafin ƙiftawar ido. Jacob Rabinow ne ya ƙirƙiro irin wannan ruwan a Amurka a shekarun 1940, kuma a 2002 aka fara sa tsarin MagneRide a motar Cadillac Seville STS. Kwamfutar mota ce ke yanke yawan wutar da za ta aika, gwargwadon gargadar hanya.

To ta yaya kwamfutar ke sanin ƙarfin da shokabzoban zai bayar? Da lissafi. Mafi sauƙi shi ne na Bingham: F = c·v + f. Harafin v saurin fistin ne, c ya dogara da kaurin mai, f kuma shi ne ƙarfin da maganaɗisu ya ƙara. Akwai na Bouc-Wen da ya fi kama gaskiya, sai dai idan a yanayi ɗaya aka auna lambobinsa, shi ma ciwonsu ɗaya: an mayar da c lambar da ba ta motsi.

Alhali tana motsi. Ka tuna yadda manja ke daskarewa da hunturu, ya tsinke a rana. Shokabzoba kuwa ba ya jiran rana. Aikinsa shi ne mayar da girgiza zafi, don haka shi ke dafa kansa. Mai ya tsinke, c ta sauka.

Ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne wayar. Turjiyar tagulla tana ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri. Daga digiri 20 zuwa 100, ƙarin ya kai kashi 31. Idan manhajarka bolt kawai take riƙewa, wutar da ke ratsa wayar za ta ragu da kusan kwata, maganaɗisun ya yi sanyi, kai kuma lissafinka na nuna lafiya lau. Shi ya sa ake sa da'irar da ke riƙe amfiya, ba bolt ba.

Wannan matsalar kuma ita ke ba ka mafita kyauta. Tunda kana auna bolt da amfiya, R = V/I zai ba ka turjiya, turjiya ta ba ka zafin wayar, ba sai ka sayi wani na'urar auna zafi ba. Sai ka mayar da c ta zama c(T), ko da ta ɗan teburin lambobi ne. A kula dai: waya tana riga mai yin zafi, don haka sai an tace lambar a hankali kafin a yarda da ita.