Gatarin aradu da duwatsun mutanen da

Ran Litinin da safe wani yaro ɗan aji biyar ya zo lakwal da dutse cikin aljihu. A gonarsu ya tsince shi, bayan ruwan sama ya wanke ƙasa. Dutsen baƙi ne, sumul, bakinsa kamar na gatari. Kakansa ya ce gatarin aradu ne, tsawa ke jefo shi. Wani mai sayen kayan da kuma ya yi masa tayin jikka guda.

Malam ya jujjuya dutsen, ya ce: «Wannan ba daga sama ya faɗo ba. Hannun mutum ya yi shi, tun ba a san ƙarfe ba.»

1. Dutsen da ake nema

Ba kowane dutse ke yin wuƙa ba. Manyan duwatsun da ke unguwar Birni, cikin Damagaram, ƙwayoyinsu manya ne. In an buge su sai su marmashe. Irinsu sun fi dacewa da niƙa. Mutanen da suna neman dutse mai ƙananan ƙwayoyi, wanda in an buge shi yake ɓallewa kamar kwalba, ya bar baki mai kaifi. Ɗaya daga cikinsu ita ce ƙanƙara, wadda tsofaffi ke bugawa da ƙyastu su sami wuta. Da Faransanci ana ce mata «silex». Akwai kuma ɗan'uwanta «jaspe». Shi ja ne, ko ɗorawa, ko tsanwa. Ƙarfen da ke cikinsa ne ke ba shi jan launi.

2. Yadda ake sassaƙawa

Masassaƙi yana riƙe dutsen da hannu guda, ya buge gefensa da wani dunƙulen dutse. Ɓallin da ya fita shi ne wuƙa. In kan kibiya ake so, sai a bi bakin ɓallin da ƙashi ko ƙaho, ana dannawa kaɗan kaɗan. Gatari kuwa, irin na yaron nan, goga shi ake yi bisa wani dutse, da yashi da ruwa, kwana da kwanaki.

3. Tsanwan dutsen Tenere

Shekara wajen 7000 da suka wuce, Tenere ba hamada ba ce. Akwai tabkuna, da kifi, da dorina, da makiyayan shanu. Mutanen wurin suna son wani tsanwan dutse ƙwarai. Masu bincike sun daɗe suna kiransa tsanwan «jaspe», sai daga baya aka gane asalinsa daga aman wutar tsauni ne. An sami kawunan kibau da faifan yanka na wannan dutse a Adrar Bus, gefen tsaunukan Abzin.

A shekarar 2000 an gano Gobero, cikin jihar Agadas, inda akwai kaburbura wajen 200. Can ma an sami kayan tsanwan dutse, alhali mahaƙarsa tana Alallaka, kilomita wajen 160 arewa. Ashe mutanen da suna yin doguwar tafiya don dutse mai kyau, ko kuwa suna musaya da maƙwabta. A jiharmu ta Damagaram ma, tun shekarun 1970 masu bincike sun sami kayan dutse da alamun tsohuwar ƙira a tsaunukan Tarmit, arewa maso gabas da Gure.

4. Kada tarihi ya ɓace

Yaron ya ce: «Malam, to in sayar?»

Malam ya ce: «Jikka za ta ƙare kafin kasuwa ta sake ci. Amma dutsen shaida ne. Mai bincike yana duban inda ya kwanta, da tsingaro ko gawayi ko ƙashin da ke kusa da shi. Da su yake gane shekarunsa. Dutsen da aka raba da wurinsa kamar shafi ne da aka yage daga littafi.»

Shi ya sa dokar ƙasar Nijar ta 1997 ta kare irin waɗannan kaya. Wanda ya ga su, ya bar su nan, ya lura da wurin, ya gaya wa malami ko mai gari. Gidan tarihi na Bubu Hama, a Yamai, yana ajiye irinsu don kowa ya gani.

Da marece yaron ya kai malam gonar. Suka auna wurin da taki daga gindin wani gawo, suka rubuta cikin kaye. Kakan ya tsaya yana kallo, ya ce: «Ashe gonar nan ta ga manoma kafin mu.»

Tambayoyi
1. Don me duwatsun Birni ba su yin wuƙa?
2. Me tsanwan dutsen Gobero ya nuna game da mutanen da?
3. Me ya kamata mai tsintar gatarin aradu ya yi?

Aiki
Ku tambayi tsofaffin unguwarku yadda ake ƙyasta wuta. Ku zana ƙyastu da ƙanƙara cikin kayenku.