Katangar da Ta Karkata

Wata damina, cikin watan Agusta, wata dattijuwa daga cikin Birnin Zazzau ta shigo ofishina da takardun asibiti a ƙulle cikin leda. Katangar maƙwabcinta ce ta faɗo da dare ta danne ɗakin da jikarta ke kwance, ƙafar yarinyar ta karye gida biyu. Katangar ƙasa ce irin ta lungunanmu, ruwan indararo ya cinye gindinta, yaɓenta ya zube tun bara. Sau uku tana aika masa, har mai unguwa ya taka da kansa ya gani. Amma da na ce mata tana da hakki, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Barista, ai ƙaddara ce. Ni dai kuɗin magani ne ya fi ƙarfina."

Na ce, "Inna, ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa mai sakaci biyan ɓarna."

Wannan magana ba daga Turawa na aro ta ba. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan Kona da Juma tun kaka da kakanni, ya ɗora lamuni a kan wanda katangarsa ta karkata, aka gargaɗe shi, yana da halin gyara bai gyara ba, har ta faɗa wa wani. A wuri guda ya kawo mai hura wuta ranar da ake iska mai ƙarfi, da mai maganin da bai san aikin ba ko ya yi sakaci. A Muwaɗɗa kuma akwai hukuncin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani: da rana mai gona ke tsaron gonarsa, abin da dabba ta ɓata da dare kuwa mai ita ne zai biya.

A tsangayar shari'a da ke Kongo, wannan fanni sunansa tot, wato cutar da wani ya yi maka wadda kai da kanka za ka kai ƙara a biya ka diyya. Nan mutanenmu ke yawan ruɗewa. Su garzaya wurin 'yan sanda, a tsare mutum kwana biyu, a yi beli, magana ta shiririce, majinyaci na kwance babu ko sisi. Shari'ar laifi tsakanin hukuma ce da mai laifi, ƙarshenta tara ko gidan yari. Ƙarar diyya taka ce, kuma hujjarta ta fi sauƙi: ya isa maganarka ta rinjayi ta abokin shari'arka.

Dokar sakacin da kotunanmu suka gada daga Ingila ta samo tushe ne a 1932. Wata mata, May Donoghue, ta sha lemon kwalba a garin Paisley na Sikotilan a 1928, ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, ta kwanta ciwo. Ba ita ta sayi lemon ba, don haka babu ciniki tsakaninta da mai kamfanin, David Stevenson. Duk da haka Alƙali Atkin ya ce kowa na da nauyin kula da maƙwabcinsa, maƙwabci kuwa shi ne duk wanda hankali zai nuna maka aikinka na iya shafarsa. Ranar da na fara karanta hukuncin, hakkin maƙwabtaka da aka koya mana a makarantar allo ne ya faɗo mini.

Alƙali zai so ya ga abu huɗu. Akwai nauyin kulawa a wuyan wanda ake ƙara? Ya gaza yin abin da mai hankali zai yi a matsayinsa? Gazawar ce ta jawo cutar? An kuma yi asara ta zahiri? Na ukun ne ke kayar da ƙararraki da yawa. Da guguwa ce ta tumɓuke lafiyayyar katanga, da Inna ba ta da abin kamawa. Abin da ya tsaya mata shi ne aiken nan uku da idon mai unguwa.

In kai ma da naka gangancin, kamar mai tsallaka titin Ƙofar Doka yana latsa waya, kotu za ta rage diyyar gwargwadon rabonka na laifin. In kuma yaron shago ko direba ya yi ɓarna a bakin aikinsa, ana iya bin maigidansa. Lokaci ma yana ci. Kowace ƙara tana da wa'adi, kuma in ma'aikacin gwamnati ne ya cuce ka a bakin aiki, doka kan ba ka wata uku kacal.

Maganar Inna ba ta kai gaban alƙali ba. Aka zauna a zauren mai unguwa, na karanta wa maƙwabcin matsayin doka, limamin unguwa ya faɗa masa na fiƙihu, ya ga bakinsu ɗaya. Ya biya kuɗin asibiti kashi uku, ya tayar mata da ɗaki, aka rubuta aka sa hannu. Ni na fi son irin wannan sulhu, muddin an yi shi mai hakki na sane da hakkinsa. Yafiyar da aka yi don rashin sani, ko don kunyar "ai ɗan'uwa ne", ita ke barin marayu da bashin asibiti.

Tun ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, da wani sashe na Masallacin Juma'a na ƙofar fada, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta ana sallar la'asar aka rasa rayuka, babu Bazazzagin da zai ce tsagewar bango ƙaramin abu ne. Gidajenmu na ƙasa sun tsufa, lungunan kuma cike suke da yara masu zuwa makaranta.

Jama'ar Birni, kafin ruwa ya sauka ku zagaya gidajenku ku duba gindin katanga, ku rufe bakin rijiya da ramin masai. In katangar maƙwabci ce ta karkato, ku faɗa masa a gaban shaidu biyu, ku sanar da mai unguwa, ku ɗauki hoto da waya. In ta riga ta afku, Allah ya kiyaye, ku adana kowane rasit na asibiti, ku nemi lauya ko malamin fiƙihu tun maganar tana da zafinta.