Darasi: Yaya Ake Gane Hidima Mai Inganci?

Darasinmu na wannan fitowa a kan hidima ne, wato aikin da ake yi wa jama'a a asibiti ko makaranta ko ofis, da yadda ake auna kyawunsa.

Da yawanmu da mun ga sabon fenti da fanka tana juyawa sai mu ce wuri ya haɗu. To, gini ɗaya ne kawai cikin ma'aunai. A 1988 wasu masana uku a Amurka suka fitar da ma'aunin SERVQUAL, wanda ke duba tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya sa rai da abin da ya tarar. Ban da tsabta da kayan aiki, sun lissafa cika alkawari, saurin kulawa, ƙwarewar da ke kwantar da hankali, da kuma tausayi.

Mu ɗauki awon ciki. Mace ta fito tun da sassafe daga Mabera ko Arkilla, ta biya kuɗin mota, ta bar yara ba kari. Awa nawa ta yi a layi? An gaya mata abin da awon jininta ya nuna, da Hausar da za ta gane? An sakaya labule kafin a duba ta? Idan aka daka mata tsawa gaban jama'a, kin san ba lallai ta koma ba, kuma maigida zai ce dama ya faɗa. Ita kuwa wadda ta daina zuwa, wa zai gano hawan jininta kafin ya kai ga jijjiga? A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da zuwa awo aƙalla sau 8 maimakon 4, ta kuma jaddada cewa mai ciki ta ji daɗin yadda aka kula da ita.

Mu a Sakkwato wannan ba baƙon tunani ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta lura matan aure na ƙauye ba za su iya barin ɗakunansu ba. Sai ta tsara 'Yan Taru: dattijai mata da 'yammata su zo wurinta ƙarƙashin jaji, su ɗauki karatu cikin waƙe mai sauƙin hadda, su kai wa na gida. Kun ga, halin mai karɓa ta fara dubawa kafin ta yi tsari.

Kuna da wurin kai kuka. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta kafa SERVICOM, kuma ana samun teburinsa a hukumomi da asibitocin tarayya. A 2018 aka ƙaddamar da takardar haƙƙin majinyata, wadda ta ƙunshi mutuntawa, rufin asiri da bayanin kuɗin magani. In za ki kai ƙorafi, riƙe rana da lokaci da sashen, ki yi magana cikin ladabi. In an kyautata miki ma ki faɗa, don malaman asibiti su ma mutane ne, kuma aiki ya yi musu yawa.

Sai kuma namu. Masu kula da Islamiyya da ajin koyon sana'a, kada ku tsaya ga tambayar masu zuwa, kunya za ta sa su ce komai lafiya lau. Ku ɗauki rajista, ku fitar da sunayen waɗanda suka daina zuwa, ku tura mutum biyu har gida su ji ko lokacin ne ya ci karo da girkin rana, ko kuwa rashin inda za a ajiye goyo ne.