Ɗan Dukushi Da Ƙishirwa

Goɗiya takan ɗauki ciki wata 11, amma kwana ɗaya ya isa a rasa abin da ta haifa. Ƙarancin ruwa a jiki yana iya kashe shi, balle da bazara a ƙasar Daudawa.

Lafiyayyen dukushi yakan miƙe cikin sa'a 1, ya kama nono cikin sa'a 2. Nonon farko, watau dakashi, shi ne garkuwarsa daga cuta. Bayan sa'a 24 hanjinsa ba ya iya karɓar wannan garkuwa.

Ga alamun da za ka duba. Idanu sun faɗa, dasashi ya bushe, fitsari ya ragu, ƙafafu sun yi sanyi, hantsar uwa kuwa ta cika tam don ba a tsotsa ba.

Kadan ka ga haka, kada ka ɗura masa ruwa a baki. Wanda ba ya tsotso ba ya haɗiya sosai, sai ruwan ya sauka a huhu. Ka kai shi inuwa, ka tatsi dakashi ka ajiye, ka aika a kira malamin dabbobi nan take.

Shi zai yi masa ƙarin ruwa ta jijiyar wuya, ruwa mai tsabta da gishiri da sukari a gwarje. Yakan auna shi kaɗan kaɗan, gama ƙodar jariri ba ta fid da gishiri da sauri. In ya yi yawa, jiki sai ya kumbura.

Tambaya: Don me ba a ɗura wa dukushi ruwa?