Amsa Tambayoyinku: Cokulan Ƙaho na Mutanen Haida

Wasiƙar yau ta fito daga wani malamin makaranta a Damagaram, wanda ya ga hoton wani baƙin cokali da aka yi wa sassaƙa, aka ce na Haida ne. Yana tambaya: su waye Haida, kuma me ya sa suke ƙawata cokali haka?

To Malam, Haida mutane ne da ke zaune a tsibiran Haida Gwaii, a gaɓar yammacin Kanada, wasunsu kuma a kudu maso gabashin Alaska. Sun kasu gida biyu, Hankaka da Gaggafa, kuma ɗa gidan mahaifiyarsa yake bi.

Wannan cokali na ranar babban biki ne, wanda ake kira fotlac, inda shugaban gida ke tara jama'a ya ciyar da su, ya raba kyauta, don su shaida naɗin sarauta ko kafa gungumen tarihi. Da ƙahon akuyar dutse ake yin mariƙin, bakin kuma sau da yawa da ƙahon tunkiyar dutse. Dabbobin nan babu su a tsibiran, sai an yi fataucin ƙahon daga babban yanki. Masassaƙi kan dafa ƙahon ya yi laushi, ya matse shi cikin mazubin katako har ya bushe. Sannan ya jera siffofi a mariƙin, wata bisa wata: hankaka, kwaɗo, kifi. Galibin siffofin tamburan zuriya ne, kuma ba mai ɗaukar tambarin wata zuriya a matsayin nasa.

Saboda haka, Malam, baƙon da ya ci da cokalin nan ya zama shaida ga asalin mai gida.

Gwamnatin Kanada ta haramta bikin daga 1885 zuwa 1951, kayan da yawa suka tafi gidajen tarihi na ƙetare. Yau Haida sun farfaɗo da bikinsu, matasansu na koyon sassaƙa, kuma suna neman a dawo musu da kayan kakanninsu. Haƙƙinsu ne, domin kayan gado a hannun magada ya kamata su kasance.