Ƙwarnafi ga yaro ɗan makaranta

Iyaye maza da mata, ƙwarnafi ba cutar manya ba ce kaɗai. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 ma yana kamuwa da shi. Idan ya daɗe, yana hana yaro barci, ya rage masa cin abinci, karatunsa ya ja baya.

Mene ne ke kawo shi?

A cikin tumbi akwai ruwa mai tsami wanda ke narkar da abinci. A bakin tumbi kuma akwai wata tsoka mai aiki kamar ƙofa. Abinci na shiga, sai ta rufe. Idan ƙofar ba ta rufe sosai ba, ruwan nan mai tsami yana hawowa zuwa maƙogwaro, yana ƙona hanyar abinci.

Yaya za a gane shi?

Yaro zai ce ƙirjinsa na zafi bayan ya ci abinci. Yana yawan gyatsa, yana jin tsami a baki. Wani yana tari cikin dare, ya tashi da safe murya ta dishe. Wani kuma yana ƙin abinci don tsoron zafin. Kada a ce ƙiwa ce, kada a buge shi.

Me iyaye za su yi?

1. A raba abincinsa sau 4 ko 5 a yini, kaɗan-kaɗan. Rabawa za a yi, ba ragewa ba, domin yaro mai girma yana bukatar abinci.
2. A ba shi tuwon dare da wuri, bayan magariba. Ya yi awa 2 zuwa 3 kafin ya kwanta. Wannan shi ne babban mataki.
3. A ɗaga wajen kan gadonsa da tubali, kamar santimita 15. In a tabarma yake kwana, a tada wajen kansa da ƙirjinsa gaba ɗaya. Kwanciya a gefen hagu ta fi.
4. A rage masa tonka, mai da yawa, soye-soye, tsamiya, lemun tsami, shayi mai ƙarfi da lemun kwalba. Yara sun bambanta. Uwa ta lura da abin da ke tada masa ciwo, shi za ta rage.
5. Kada a ɗaure masa wando tamau a ciki. Kada a sha taba kusa da shi.
6. Ya karya kumallo kafin ya tafi makaranta, ko da koko ne. Uba ya je ya sanar da malami halin da yaron ke ciki.

Hattara da magani

Wasu na jiƙa wa yaro kanwa. Tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma tana kumbura ciki, ga gishiri da yawa. Kada a saba masa da ita. Kada kuma a sayi ƙwayoyi wurin ƴan talla. Asfirin da ibuprofen suna ƙara ciwon. A gidan likita akwai maganin da ke rage tsamin ciki, kamar omeprazole. Ana shan shi da safe, minti 30 kafin cin abinci. Jami'in kiwon lafiya ne zai faɗi yawansa da tsawon kwanakin shan sa.

Yaushe za a gaggauta zuwa gidan likita?

Idan yaro ya yi amai da jini ko kore, ko kashinsa ya yi baƙi ƙirin. Haka nan idan abinci na maƙale masa, ko yana ramewa. Waɗannan alamu ba sa jira, a kai shi ranar nan.

Mu tattauna a ajinmu

Da wane lokaci yaranmu ke cin tuwon dare? Yaya za mu matso da lokacin, ko a damina da aikin gona ya yi yawa?